Kyautar Babban Kifi: Darasin Da Na Koya A Matan Fada

Na san wani zai ce, me ya haɗa ɗan Zuru da zancen kifi? Gaskiya ne mu mutanen tudu ne da duwatsu, an fi saninmu da noman dawa da kokawa da aikin soja. Su kuwa sana'ar Sarkawa ce, mutanen Kabi da Yawuri. Amma duk da haka muna da rafuka, muna kuwa cin kifi, kuma akwai wani abu da ya faru a rafin ƙauyenmu wanda ya daɗe yana damuna. Shi ya sa na zaɓi in yi rubutu a kan kyautar da ake bai wa wanda ya kama babban kifi, a nan jiharmu ta Kebbi da kuma ƙasashen da ke bakin teku. Ina fata mai karatu zai yi haƙuri ya bi ni har ƙarshe.

Abin da ya faru a rafinmu

A bayan ƙauyenmu akwai wani rafi wanda yakan cika da damina har ya hana mu zuwa gona. In rani ya yi sai ya janye, ya bar gurabe masu zurfi nan da can. A cikin waɗannan gurabe ne muke zuwa da fatsa bayan an tashi daga makaranta, mu kama tarwaɗa da ƙarfasa da ƙurungu. Ran da aka yi sa'a, uwa ta sami na miya.

Wata shekara, ina ƙaramin yaro a firamare, sai wasu samari suka zo da asuba suka zuba maganin feshin gona a gurbin da ya fi kowane zurfi. Kafin hantsi ya dubi ludayi kifi ya taso sama, ciki a waje, manya da ƙanana, har da 'yan mitsi-mitsi waɗanda ba su kai tsawon yatsa ba. Samarin suka kwashe manyan suka yi kasuwa da su. Mu yara muka rufa wa sauran. Ni kaina na cika ƙwarya na kai gida ina murna. Kakata ta duba, ta sunsuna, ta ce, "Jikana, wannan ba kamu ba ne, kisa ne. Je ka haƙa rami ka binne, kada ko kaza ta ci." Na yi ta kuka, don ban fahimci nufinta ba. A rani biyu da suka biyo baya mun yi ta jefa fatsa a wannan gurbi, ko ƙwado bai taɓa ta ba. Sa'an nan ne na fara gane cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Tafiyata Argungu

Ina da kawu mai fataucin bandar kifi, yakan saro daga Yawuri ya kawo kasuwar Zuru. Cikin watan Maris na shekarar 2020 ya ce zai tafi kallon bikin kamun kifi na Argungu, na roƙe shi ya tafi da ni, ya yarda. Muka bi ta Dabai da Mahuta muka ɓulla Koko, daga nan sai Jega, sai Birnin Kebbi, sa'an nan Argungu. Jama'a ta yi ɗoki ƙwarai a wannan shekara, domin tun bayan bikin 2009 ba a sāke yi ba sai a lokacin.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ranar babban su, dubban masunta suka yi sahu a nesa da ruwan Matan Fada, kowa da gorarsa babba da homarsa. Da aka harba bindiga sai suka kwasa da gudu, ƙura ta turnuƙe, suka faɗa ruwa baki ɗaya. Makaɗa na cikin kwale-kwale suna kiɗa suna yi musu kirari. Gorar nan ita ce jirgin masunci, a kanta yake kwantawa ya yi iyo, a cikinta kuma yake zuba ƙananan kifin da ya kama. Cikin kamar sa'a guda aka gama. Duk wanda ya kama babba sai a taimaka masa a ɗauko a kai gaban manyan baƙi, a ɗora a kan sikeli kowa yana gani. Wanda ya zo na ɗaya a wannan shekara shi ne Malam Abubakar Ya'u daga ƙaramar hukumar Augie, da kifi mai nauyin kilo 78. Watau ya ɗara buhun siminti ɗaya da rabi. An ba shi motoci da kujerar Makka da kuɗi masu yawa.

A hanyarmu ta komowa na ce, "Kawu, ashe kifi yana girma haka? Don me namu na gida ba sa kai ko kilo ɗaya?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, kai motar ka gani. Ba a sa'a guda aka kama kifin nan ba. Shekaru aka yi ana kama shi, ta hanyar ƙyale shi." Wannan magana ita ce tushen rubutuna.

Asalin bikin

Kabi tsohuwar daula ce wadda Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16, hedkwatarsa tana Surame. Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wanda ya fara a 1804, Kabawa suka koma Argungu, aka yi ta gwabzawa tsakaninsu da Sakkwato shekara da shekaru. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar zumunci Argungu, a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama. Don a karrama babban baƙo sai aka shirya gagarumin su. Daga wannan ziyara ake ƙirga farkon bikin kamar yadda muka san shi. Ashe ke nan bikin sulhu ne kafin ya zama na gasa.

Amma al'adun ruwa na Kabawa sun girmi 1934. Suna da gyaran ruwa da fashin ruwa, watau ba a shiga su sai masu kula da ruwa sun yi abin da al'ada ta tanada sun ba da izini. Sarkin Ruwa shi ne mai wannan alhaki. Ban da babban su, akwai wasannin kabanci, irin su tseren kwale-kwale da nutso da kamun agwagwa da kamun kifi da hannu. A 2016 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa bikin cikin jerin al'adun gargajiya na duniya da ya kamata a adana. Wannan abin alfahari ne ga duk ɗan jihar Kebbi, ko daga masarautar Gwandu yake, ko Argungu, ko Yawuri, ko Zuru.

Yadda ake yi a bakin teku

Da na shiga sakandare na ba malaminmu na kimiyyar halittu wannan labari. Shi ne ya buɗe mini ido cewa ba mu kaɗai ke karrama mai babban kifi ba. Sai dai akwai bambanci biyu. Na farko, namu kifin ruwan daɗi ne, watau na kogi da tafki, nasu kuwa galibi na ruwan gishiri ne, watau teku. Na biyu, masuntanmu sana'arsu ke nan, da ita suke ci da iyali. A ƙasashe irin su Amurka da Ostareliya kuwa akwai miliyoyin mutane masu kamun kifi don nishaɗi kawai. Likita ne ko malami ko direba, in ya sami hutu sai ya ɗauki sandar fatsarsa mai ƙugiya da zare da abin naɗe zaren, ya shiga jirgi ya tafi teku.

Waɗannan mutane suna da ƙungiya ta duniya wadda ake taƙaita sunanta da IGFA. An kafa ta a 1939 a birnin New York, yanzu ofishinta yana jihar Florida ta Amurka. Babban aikinta shi ne ajiye littafin bajinta, inda ake rubuta kifi mafi nauyi da aka taɓa kamawa da fatsa daga kowane iri. Ga misalai kaɗan daga cikinsa. A 1953 Alfred Glassell ya kama kifin malin, mai dogon baki kamar mashi, a gaɓar ƙasar Peru, nauyinsa kilo 707. A 1959 Alfred Dean ya kama wani ƙaton kifin shak a kudancin Ostareliya mai kilo 1,208, daidai da buhun siminti 24, ko kuwa kifin Malam Abubakar sau goma sha biyar. A 1979 Ken Fraser ya kama kifin tuna mai kilo 678 a Kanada. Giwan ruwa ma, wanda shi ne sarkin kifayen kogunanmu, yana cikin littafin: a shekarar 2000 William Toth ya kama mai kilo 104 a Tafkin Nasir na ƙasar Masar.

Ban da wannan ƙungiya, wasu jihohin Amurka suna da nasu tsari. Jihar Bajiniya, alal misali, ta fara nata tun 1958. Hukuma takan yanka wa kowane irin kifi nauyi ko tsawon da ake ɗaukarsa babba. Duk wanda ya kama wanda ya kai wannan mizani, ya kai shi wurin awo da aka amince da shi, sai a ba shi allon yabo da sunansa, ya rataya a ɗakinsa. Ba sai ya fi kowa ba, kuma ba mota ba ce ko kuɗi. Amfanin da hukuma ke samu shi ne, kowace shekara tana tara labarin irin kifin da aka kama da girmansa da inda aka kama shi. In manyan kifi suka fara ƙaranci a littafi, an san akwai matsala a ruwa.

Sharuɗɗa uku

Da na auna na Argungu da na teku, sai na ga abubuwa uku ne ke sa kyautar ta yi daraja.

Sharaɗi na farko shi ne dokar kayan aiki. A Matan Fada homa da gora da hannu kaɗai aka yarda da su. Ba taru, ba injin, ba guba. A dokar IGFA kuwa, daga lokacin da kifi ya haɗiyi ƙugiya, ba wanda zai taɓa sandar ko zaren sai mai ita, ko da za a kwana ana ja-in-ja. In aka harbi kifin da bindiga ko aka soke shi da mashi, ko kuwa wani kifi ya ciji wani sashe nasa kafin a fito da shi, ba za a rubuta shi ba. Manufa ita ce a gwada gwaninta da juriyar mutum, a kuma bar wa kifi hanyar tsira.

Sharaɗi na biyu shi ne awo na gaskiya a gaban shaidu. Mai neman shiga littafin IGFA sai ya auna kifinsa a sikelin da aka tabbatar da ingancinsa, ya aika da hotuna da sunayen shaidu da guntun zaren da ya yi amfani da shi don a gwada ƙarfinsa. In babban kifi ne, sai sabon ya ɗara tsohon da aƙalla rabin kashi ɗaya cikin ɗari kafin a ce ya karya bajintar. Ga lissafi ga 'yan ajinmu: mai son ture giwan ruwan nan na kilo 104 sai nasa ya fi shi da kimanin rabin kilo. A Argungu ma an taɓa gwada wannan sharaɗi. A 2008 an karɓe kyauta daga wanda aka fara bayyanawa ya zo na ɗaya, bayan masana ruwa sun bincika sun ce kifin ya riga ya mutu tun kafin a fara gasar. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Da an ƙyale wannan ya wuce, da baɗi ba wanda zai wahalar da kansa da nutso, sai kowa ya tafi kasuwa ya sayo nasa.

Sharaɗi na uku, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne hutun ruwa. Wurin da ake babban su a Matan Fada a hane yake sauran kwanakin shekara, ba mai jefa koma a ciki. Ko ranar biki ma ruwa ne ke da magana ta ƙarshe, domin a 2006 an hana shiga su saboda ruwan ya yi ƙasa ƙwarai. Wannan shi ne abin da kawuna yake nufi. Mutum ɗaya ne ke karɓar mota, amma duk masuncin da ya wuce ta bakin ruwan nan da dare, yana da koma a kafaɗa da yunwa a gida, ya kau da kai bai jefa ba, yana da hannu a cikin kilo 78 ɗin nan.

Don me babban kifi ya fi ƙarami daraja?

Malaminmu ya bayyana mana cewa kifi ba kamar ɗan Adam ba ne, wanda in ya balaga tsawonsa ya tsaya. Kifi yana ci gaba da girma muddin yana raye, ko da yake a hankali. Saboda haka babban kifi tsoho ne, ya tsallake koma da ƙugiya da fari na shekaru masu yawa. A giwan ruwa kuma, mafi yawan waɗanda suka yi girman gaske mata ne, kowace tana iya zuba ƙwai miliyoyi.

A 2018 wasu masana suka buga bincike a mujallar Science a kan kifayen teku. Sun ba da misali da kifin kod, irin wanda ake busarwa a ƙasar Nowe a kawo kasuwannin Nijeriya. Sun nuna cewa mace ɗaya mai kilo 30 tana zuba ƙwai fiye da mata 28 masu kilo biyu-biyu, alhali kuwa su 28 ɗin nauyinsu ya kai kilo 56. Ashe babbar uwa ɗaya ita ce rumbun iri na ruwa. Mu manoma mun san wanda ya cinye irin shukarsa da rani, ba shi da abin binnewa in ruwa ya sauka.

A nan wani zai tambaya, to ai kyautar ma babbar uwar take sa a kashe? Tambaya ce mai kyau, kuma masu kamun kifi na teku sun yi wa kansu ita. Shi ya sa tsarinsu ya sauya. A Bajiniya yanzu akwai irin kifayen da ba a ba da allon yabo a kansu sai in an auna tsawonsu an mayar da su ruwa da rai. A 2011 IGFA ta buɗe sabon babi na bajintar tsawo: a kwantar da kifi a kan ma'auni, a ɗauki hoto, a sake shi. Irin shak ɗin da Alfred Dean ya kama kuwa, doka ta hana kama shi yanzu a ruwan Ostareliya. A Argungu amsar ita ce rana ɗaya ake ɗiba, da hannu da homa, cikin sa'a guda, sauran shekara ta kifi ce. Hanyoyin sun bambanta, amma duka biyun sun yarda cewa in ba a bar wasu ba, baɗi ba abin aunawa.

Mu dawo gida

Yanzu sai mu dubi rafukanmu na ƙasar Zuru da wannan mizani. Wanda ya zuba maganin feshi ko magimfa a gurbi ya karya duk sharuɗɗan nan uku. Bai nuna wata gwaninta ba, ba zai iya faɗa wa mai saye gaskiyar yadda ya sami kifin ba, bai kuma bar iri ba. Bugu da ƙari, ruwan nan shi shanu ke sha, a nan mata ke wanki, a nan yara ke wanka, kifin kuma cikin tukunyar wani zai ƙare. Haka nan masu tace rafi da gidan sauro, wanda aka raba don kare mu daga zazzaɓi, suna kwashe 'ya'yan kifi tun ba su kai ko'ina ba. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da abubuwan fashewa. Amma ɗan sanda ba ya kwana a bakin rafi. Abin da ke tsare Matan Fada shi ne mutanen gari sun ɗauki ruwan nasu ne, suna kuma jin kunyar a ce su suka ɓata shi.

Saboda haka ina da shawara uku. Ta farko ga iyayenmu da masu unguwanni da dagatai: a zaɓi gurbi ɗaya mai zurfi a kowane rafi a hana taɓa shi shekara guda cur, sa'an nan a sa rana a buɗe shi a gaban jama'a, kamar yadda ba a fara bikin Uhola sai manya sun sa rana. Wanda ya kama mafi girma a ba shi ko da turmin atamfa ne ko fartanya. Ta biyu ga iyayenmu mata: in kuka ga kifi a kasuwa manya da 'yan mitsi-mitsi a haɗe, jikinsu ya saki, suna wani wari kamar na magani, kada ku saya ko da araha ne. Ta uku gare mu ɗalibai: mu sami littafi guda a makaranta, duk wanda ya kama kifi lokacin hutu ya auna tsawonsa da rula a gaban shaidu biyu, ya rubuta irinsa da wurin da ranar. Wanda bai kai tsawon tafin hannu ba a mayar da shi ruwa. A ƙarshen shekara, ranar raba kyaututtuka, a kira sunan mai mafi tsawo a ba shi takardar yabo. Bayan shekara biyar littafin nan zai gaya wa ƙannenmu ko rafukanmu gaba suke yi ko baya.

Ni dai na riga na fara. A hutun da ya wuce na koma gurbin nan da na ba ku labari. Kifi ya fara dawowa. Na kama tarwaɗa huɗu, babbarsu santimita 31, na kai wa kakata biyu, na mayar da ƙananan biyu ruwa. Ƙanena ya ce na yi wauta. Na ce masa ya bari sai baɗi mu sāke aunawa.